Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Zagaye a Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja

Akwai wata rana da ke jiran kusan duk uwar da ke da ɗa ko 'ya a babbar sakandare, ranar da za a zo a durƙusa a gabanki a ce, "Umma, an ce sai da laftof." Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta kacokan. In Allah ya sa an samu gurbi a jami'a ko kwaleji, aikin gida da binciken kammala karatu duk a kan kwamfutar tafi-da-gidanka ake yin su. Wayar da ke hannunki tana da ƙoƙari, amma ba a rubuta shafi sittin da babban yatsa.

Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A gidaje da yawa kwasar adashi ce sukutum, ko kuɗin ragon da aka yi watanni ana kiwo. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ke shigowa daga waje ya bi Dala ya haye. Shi ya sa yawancinmu zaɓi biyu ne a gabanmu: sabuwa mai araha a cikin kwalinta, ko tsohuwar da wani ma'aikacin banki ko kamfanin inshora ya yi shekara uku yana aiki da ita a Turai ko Amurka.

Yau za mu zagaya kasuwar da ta fi kowace shahara da irin waɗannan tsofaffi a ƙasar nan, mu ga yadda ake bambance mai ƙwari da mai kyan ɗan maciji.

Daga ƙarƙashin gada

Ikeja ce hedikwatar jihar Legas tun 1976, kuma tana dab da filin jirgin sama na Murtala Muhammed. In a Agege kika sauka, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 zai kawo ki, domin daga tashar Agege sai ta Ikeja. In mota kika shiga, ki ce wa kwandasta ya sauke ki a ƙarƙashin gadar Ikeja. Daga nan ƙafa ce za ta ƙarasa da ke.

Sunan wurin Computer Village, wato Ƙauyen Kwamfuta, sai dai babu abin da ya haɗa shi da ƙauye. Ba kuma kasuwa ce da aka zana aka gina ba. Unguwar zama ce a da. A shekarun 1990 masu sayar da kwamfuta suka fara kama haya a cikinta, da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 kuwa sai kasuwa ta haɗiye unguwar gaba ɗaya. Har yanzu in kika ɗaga kai za ki gane gidajen mutane ne: falo ya zama shago, ɗakin kwana ya zama shago, baranda da ƙarƙashin matakala duk an sa musu kanta ta gilashi. Titin Otigba shi ne cibiya, sai su Pepple da Ola Ayeni da sauran lunguna da suka kewaye shi. Gwamnatin jihar ta yi shekaru tana maganar mayar da kasuwar Katangowa, can wajen Abule Egba, saboda cunkoso.

Kunnenki zai riga idonki sanin kin iso. Ƙarar janareta ta ko'ina, lasifika na tashi, ga masu kira. Kafin ki yi taku goma samari sun kewaye ki, wannan ya ce "Alhaja," wancan ya ce "Madam," kowa na tambayar saye za ki yi, ko sayarwa, ko gyara. Yawancinsu ba su da shago. 'Yan kamasho ne, kuma duk shagon da suka kai ki, ladansu a cikin kuɗinki zai fito. Ki yi musu murmushi ki wuce, jakarki a gabanki, wayarki a cikinta.

Shagunan da suka fi kwanciyar hankali galibi a saman bene suke, masu allon suna da rasit mai adireshi. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda za a saya wa, ko wani ƙani da hannunsa ya saba da kwamfuta. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma na safe saboda shara, ranar Lahadi kuma yawancin shagunan a rufe suke.

Daga ina suke fitowa?

Da kin shiga shago za ki ga laftof a jere a kan kanta kamar faranti a kabad ɗin amarya, baƙaƙe da ruwan toka, da yawa iri ɗaya sak. Dalilin kamanninsu shi ne a tare aka saye su. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a ƙasashen waje kan sayi ɗaruruwa ko dubbai a lokaci guda, ko su ɗauke su haya, a yi shekara uku ko huɗu ana aiki da su. In wa'adi ya cika a kwashe a kawo sababbi, ko da lafiyarsu ƙalau. Wasu kamfanoni na musamman su saya, su goge bayanan ciki, su ware su daraja-daraja: A ga wadda ba ta ji jiki ba, B ga mai 'yar ƙujewa, C ga wadda ta sha wuya. Daga nan su biyo jirgin sama, ko jirgin ruwa ta tashoshin Apapa da Tin Can.

Yarbawa na kiran irin wannan kaya tokunbo, abin da ya tsallako teku. Mai shago kuwa zai ce miki "London used" ce, ko da ba ta taɓa ganin Landan ba. Ki dubi madannai, su ba sa ƙarya. Ta Ingila tana da alamar fam (£) a kan lamba 3, ta Amurka alamar # ce a wurin. In kika ga Z a inda Y ya kamata ya kasance, daga Jamus take, in layin farko ya fara da A da Z, ta Faransa ce, kuma duka biyun za su rikita yaron da ke shirin jarrabawa. Mai harufan Larabci a gefen na boko ta biyo ta ƙasashen Larabawa, musamman Dubai da Sharja, kuma wannan ƙarin alheri ne ga ɗalibin Islamiyya.

Akwai kuma wadda aka yi amfani da ita a nan gida aka goge ta da man gogewa ta koma kamar baƙuwa. Ba laifi ba ne sayen ta, amma farashinta bai kamata ya kai na waccan ba, domin ta sha zafi da ƙura da wutar janareta.

Kowane kamfani gida biyu gare shi

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, "HP ta fi ko Dell?" Tambayar ba ta cika ba. Kowanne daga cikin manyan kamfanonin nan kaya iri biyu yake ƙerawa: na ofis da na gida. A wajen Lenovo, ThinkPad ce ta ofis, IdeaPad ta gida. A wajen Dell, Latitude ta ofis, Inspiron ta gida. A wajen HP, EliteBook da ProBook na ofis, Pavilion ta gida. Tazarar da ke tsakanin EliteBook da Pavilion, duk da uwarsu ɗaya, ta fi wadda ke tsakanin EliteBook da Latitude nesa ba kusa ba.

Ga dalili. Mai sayen ta gida mutum ɗaya ne da zai duba kyau da farashi, ya biya ya tafi. Mai sayen ta ofis kamfani ne da ya sayi dubu biyu da garantin shekara uku, wanda in suka riƙa lalacewa ba zai sake dawowa ba. Don haka ake yi wa ta ofis ƙashi na ƙarfen magniziyam ko alminiyam, ake ƙarfafa gaɓar da ke haɗa marfi da jiki, ake kuma tsara ta yadda ma'aikaci zai kwance 'yan sukurori ya canja batir ko madannai cikin minti goma. Sabuwa mai araha kuwa roba ce ciki da waje. Sukurorin gaɓarta a cikin roba suke zaune, kuma buɗewa da rufewa na yau da gobe kan sa robar ta tsage, marfi ya fara rabuwa da jiki. Masu gyara a kasuwar nan sun fi kowa sanin wannan ciwo. Araha ba ta ado.

Uku da za ki fi gani

Baƙar nan mai ɗan jan ɗigo a tsakiyar madannai ita ce ThinkPad. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara ƙera ta a 1992, sannan Lenovo na ƙasar Sin ya sayi sashen a 2005. Ba ta da ado ko kaɗan, kamar akwatin ƙarfe take, amma har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an yi aiki da irinta. Madannanta sun yi suna wajen daɗin rubutu, saboda haka ga ɗalibin da zai yi ta buga shafuka, da wuya a samu kamarta. Masu harafin T da X su ne manya, L na biye, E kuma ita ce ta ƙasa a gidan. Samfurin T480 na 2018 yana da wata baiwa da ta dace da halin wutarmu: batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba. Ki tabbatar duka biyun suna nan, domin akwai masu zuwa babu na cikin. Ki kuma sa a gwada ramin cajinta na USB-C da kyau, don nan ne rauninta. Kayan gyaranta suna samuwa, sai dai a ƙananan garuruwa ba su kai na HP yawa ba.

Latitude ta Dell ba ta cika jan ido ba, amma jaka ce wajen aiki. Lambar farko tana faɗin matsayinta: 3 ta ƙasa, 5 ta tsakiya, 7 ta sama. Ta tsakiyar, kamar 5490 ko 5400, ta ɗan fi kauri da nauyi, amma ta fi sauƙin buɗewa da ƙara mata kaya. Kowace Dell na da wata lamba mai harufa da alƙaluma bakwai a ƙarƙashinta, wadda ake kira Service Tag. In kika rubuta ta a shafin kamfanin a wayarki, nan take za ki ga lokacin da aka fara sayar da ita da abin da ke cikinta tun asali. Halinta ɗaya da ya kamata ki sani: Dell tana gane cajarta. In aka haɗa ta da jabu, sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu, har a zaci ta lalace. Kada ki bar shago sai da caja ta asali.

EliteBook ta HP ita ce farin jinin kasuwa, ruwan azurfa, siririya, kuma ita yaro zai fara nunawa. HP ta yi shekaru tana da kasuwa sosai a Najeriya, shi ya sa batirinta da gilashinta da cajarta suke ko'ina, kuma kusan duk mai gyara ya san cikinta. Ga wanda zai tafi makaranta a garin da ba shi da babbar kasuwa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Amma jikin alminiyam yana lotsawa in ya faɗi, kuma farin jininta ya sa ake tsuga wa tsofaffinta kuɗi. Folio 9470m da za ki gani tana sheƙi a kanta, ta 2012 ce. ProBook ƙanwarta ce, robarta ta fi yawa, amma ta fi Pavilion ƙwari.

To wacce ta fi? In rubutu da juriya kike nema, ThinkPad. In sauƙin gyara a ko'ina ne, EliteBook. In kina son ki binciki tarihin abin da kike saya da kanki, kuma sau da yawa a farashi mai ɗan dama, Latitude. Amma gaskiyar magana, tsakanin ukun nan babu ta yarwa. Lafiyayyar Latitude ta fi ThinkPad da ta sha wuya, haka kuma in aka juya. Wadda ke gabanki a kan kanta ita za ki aura, ba sunan gidansu ba.

Za ki kuma ga wasu a gefe. MacBook tana da kyau da ƙarko, amma gyaranta da tsada, kuma in tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba, kin sayi faranti. Chromebook tana da araha har ta ba ki mamaki, domin yawanci daga makarantun Amurka ake kwaso su, sai dai ba ta ɗaukar manhajojin Windows da malamai ke buƙata, kuma ta fi son intanet kullum. Toshiba kuwa kamfanin ya fita daga harkar laftof gaba ɗaya a 2020, don haka duk wadda kika gani da wannan suna ta kwana biyu.

Lambar da ta fi suna muhimmanci

Mai shago zai buga ƙirji ya ce, "Hajiya, Core i7 ce fa!" Kada wannan ya ruɗe ki. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda suke kira furosesa, zubi-zubi ce, kusan kowace shekara da nata. Cikakken sunanta kamar haka yake: i5-8250U. Alƙalamin farko bayan ɗan layin shi ne zubin, a nan 8 ke nan. In lambar ta fara da 1, kamar i5-10210U, biyun farko za ki karanta, zubi na 10. A irin waɗannan laftof na ofis, i7-7500U ta zubi na 7 injina biyu ne a cikinta, i5-8250U ta zubi na 8 kuwa huɗu ne. Wato ƙaramar ta bana ta fi babbar ta bara.

Abin bai tsaya ga gudu ba. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, in ban da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga masu gida da suka yi rajista. Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na 8, sai 'yan ƙalilan. Wannan ya sa ofisoshi a duniya suka yi ta sallamar 'yan zubi na 6 da na 7, kuma kasuwanni irin wannan ne masaukinsu. Za ki gan su tsaf-tsaf, da araha mai jan rai. Suna aiki, amma ƙofar gidan ba ta da sauran mai gadi, kuma a kan na'urar nan za a biya kuɗin makaranta a kuma shiga asusun banki.

Ganin Windows 11 a kan gilashi ba hujja ba ne, domin akwai dabarar da ake cusa ta a kan tsofaffi. Ki sa a buɗe Settings, a shiga System, a gangara About, ki karanta lambar da idonki. Daga waje ma akwai alama: a ThinkPad ki fara daga T480, a EliteBook daga 840 G5, a Latitude daga 5490 ko 7490. Duk Latitude da sunanta ya fara da harafin E, kamar E7470, ba ta wuce zubi na 6 ba. Ko a cikin waɗanda na lissafa akwai 'yan tsiraru da aka sa wa ƙwaƙwalwar zubi na 7, shi ya sa karanta lambar ya zama dole. In AMD ce a ciki ba Intel ba, a nemi sunanta a jerin da Microsoft ya wallafa.

Sauran abubuwa biyu: RAM kada ta gaza 8GB, ma'ajiya kuma ta zama SSD mai aƙalla 256GB, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Faifan nan shi ke sa kwamfuta nawa, kuma shi ke fara mutuwa in jaka ta faɗi daga kan babur. Ki tambaya ko ana iya ƙara RAM nan gaba, domin a sirara irin su X1 Carbon a like take, yadda aka saya haka za a mutu da ita.

Rabin awa a bakin kanta

Ba a cinikin biri a sama. Ki nemi kujera ki zauna, ki ce, "Oga, sai mun gwada." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara duba agogo yana cewa wani na jiran ta, ki yi masa sallama, shaguna ba su ƙare ba.

Ki fara da marfi. Ki buɗe ki rufe sau da yawa, ki saurara ko akwai ƙara, ki duba kusurwoyi ko akwai tsagewa. Ki ɗora ta a kan teburi ki ga ko ta zauna daram. In tana rawa, ko wurin jan yatsa ya ɗago, batir ya kumbura, kuma kumburarren batir haɗari ne a ɗakin da yara ke kwana.

Sai batirin kansa. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. In na yanzu bai kai kashi 70 cikin 100 na asali ba, a rage miki kuɗin sabon batir. A zare caja a bar bidiyo yana tafiya yayin da kuke sauran gwaji, ki ga yadda lambar ke sauka, ki kuma sa hannu ta gefen fanka ki ji ko zafin ya yi yawa.

A buɗe farin shafi a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. A kan farin nan ki duba gilashi ko akwai tabo, ko layi, ko wurin da ya fi haske. Ki tambayi ƙarfin gilashin: 1920 x 1080 ya fi 1366 x 768 sauƙi ga idon mai dogon karatu. A gwada kyamara, lasifika, makirfo da kowane rami, a kuma haɗa ta da intanet ɗin wayarki.

Sai babban gwaji, wanda yawancin masu saye ke tsallakewa. A kashe ta a kunna, a shiga BIOS, wato ɗakin saitinta na can ciki: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ki ajiye ta ko nawa aka rage, musamman ThinkPad, wadda cire makullinta aiki ne ja. Haka in ana kunna ta ta nuna sunan wani kamfani tana neman ma'aikacinsa ya shiga, har yanzu a rajistar kamfanin take, kuma ranar da aka sake mata Windows za ta iya kullewa. Dukansu uku suna da likitan cikin gida da ke duba lafiyar kayansu: a Dell a danna F12 a zaɓi Diagnostics, a HP F2, a ThinkPad F10. Minti kaɗan yake ci.

In an daidaita, rasit ya ɗauki sunan samfuri, lambar jikin na'urar, abin da ke cikinta, da kwanakin garanti a rubuce, ba a baki ba. Wannan takarda ce za ta tsaya miki in ta ba da matsala, ita ce kuma shaidarki in wata rana aka ce kayan sata ne. Kada ki bari a shiga da ita ciki da sunan za a sa a jaka. Wadda kika gwada, ita za ki riƙe a hannunki har ki fita.

Lungun masu gyara

Kafin ki bar kasuwar, ki leƙa lungunan baya inda masu gyara suke. Teburi ne ɗan ƙarami, da fitila, da madubin ƙara girma, da ƙarfen dalma, da tulin gawarwakin kwamfutoci da ake cire wa kaya. Nan za ki gane amfanin sayen samfurin da aka yi dubbai irinsa: duk abin da ya lalace a T480 ko 840 G5, akwai wata da ta mutu ta bar gadonsa. Baƙuwar ƙira da ba kowa ke da ita ba, ko da ta fi kyau, ranar da gilashinta ya fashe sai an yi odar sa daga waje.

Ki tsaya ki tambayi ɗaya daga cikinsu wace iri ce aka fi kawo masa, da wace cuta. Shi ba sayar miki zai yi ba, don haka amsarsa ta fi ta mai kanta nauyi. A nan kuma za ki ji Hausa na tashi, domin abin da ya gagari gyara 'yan gwangwan ne ke saye, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. Ba duk abin da ya tsallako teku ne ke da sauran rai ba, wani kayan shara ce aka yi wa kwalliya. Wannan ma dalili ne na zama a gwada.

In an dawo gida

Ba sai kin je Legas ba. Irin kayan nan suna nan a titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Wuse ta Abuja, kuma 'yan kasuwarmu da dama daga Ikeja suke sarowa, wasu kuma kai tsaye daga Dubai. Za ki iya biyan ɗan ƙari a gida, amma kin huta da kuɗin mota, ciniki da harshenki za ki yi, kuma in ta yi gardama shagon Alhaji yana nan inda kika bar shi. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne tura kuɗi don hoton da aka gani a WhatsApp ko Facebook. Gwajin Ikeja shi ne gwajin Beirut, ba a rage ko ɗaya.

Sai riƙo. An ƙera ta ne don ofis mai sanyi, ga shi ta zo ƙasar hunturu da bazara. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A kai ta a hure mata ƙura sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. In an tayar da janareta, a bari wuta ta daidaita kafin a jona caja, in da hali a sayi soket mai kariya daga hawan wuta. A nisanta ta da kofin shayi da hannun autan gida. Aikin makaranta kuma a riƙa ajiye kwafinsa a filashi ko a imel, domin ko sabuwa fil tana iya cin amana ana gobe miƙa aiki.

Wanda za a saya wa zai so mai sheƙi, wannan halin ƙuruciya ne. Ki bar shi ya zaɓi jaka da launin da yake so. Ke kuma ki riƙe abubuwa uku: ta ofis ce, zubinta bai gaza 8 ba, kuma an gwada ta a gabanki. In waɗannan suka cika, ko sunan wa ke kan marfin, da yardar Allah za ta kai shi ranar da zai sa rigar kammala karatu, har ƙanwarsa ta gada. Allah ya sa albarka a abin da aka saya, ya kuma ba yaranmu ilimi mai amfani.